Gogen Baba Idirisu a Tef ɗin Ba'indiye

Wata biyar Munkaila mai gyaran rediyo a unguwar Moshi Zango ta Kumasi ya yi yana ajiye da wani tef a ƙasan adakarsa, naɗe cikin tsohon zane, bai taɓa jin abin da ke ciki ba. Rikoda a lokacin ba kayan kowa da kowa ba ce. Sau ɗaya cikin watannin nan aka kawo masa wata gyara, ya dube ta, ya ga irin mai cin tef ce, ya ce a'a, ba zai ɗaura mata nasa ba.

Abin da ke cikin tef ɗin, a saninsa, taken gidansu ne. Ubansa, Baba Idirisu, mai goge ne ɗan mai goge, mutumin Dogondutsi. Taken nan kiɗa ne dogo mai bin kakanni bakwai, kowane da irin juyinsa, kuma a duniya hannu ɗaya ya rage da ya iya shi. Munkaila kuwa tun yana ƙarami ya ce shi waya da batir yake so, goge kayan ƙauye ne. Farkon taken ya sani, amma daga kaka na biyu sai ya ɓace masa. Yana ganin ai tsoho na nan, ranar koyo ba ta ƙarewa. Haka mu 'yan Adam muke.

Sai ga Nuwamban 1969. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin sati biyu. Munkaila haifaffen Kumasi ne, uwarsa 'yar Tamale, ya yi ta zirga-zirga har ya samu tasa. Baba Idirisu kuwa, shekara arba'in yana yi wa mutanen Zango kiɗan suna da na biki, ko guntun takarda bai mallaka ba. Dole ya tafi.

Ranar tafiyar ce hankalin Munkaila ya dawo jikinsa. A shagonsa akwai wata rikoda ƙirar Japan da wani Ba'indiye mai kantin yadi a unguwar Adum, Lalcan, ya kawo a canja mata bel, da tef ɗinta a kai. Ya kinkimo ta zuwa ɗakin tsohon da hantsi. Bai tsaya jin abin da ke kan tef ɗin ba, don duk mai gyara ya san sabon ɗauka yana shafe tsoho. Ya sa wa tsohon abin saurare a kunnuwa don ya riƙa jin kansa.

"Baba, taken gida za ka yi, daga farko har ƙarshe. Ni zan je tashar Kejetia in kama maka wuri a lori, in ba haka ba a kan kaya za ka zauna."

Ya danna, ya ga tef na juyawa, ya fita da gudu.

Bai dawo ba sai bayan azahar, don Kejetia ranar ta zama filin tashin alƙiyama. Ya tarar tef ya ƙare, tsohon na ɗaure gogensa cikin buhu.

"Baba, ka yi?"

"Na yi shi kaf, hal na bakwai," in ji tsohon. "Ga ka ga shi."

Munkaila ya sa shi a lori, ya dawo ya cire tef ɗin ya ɓoye. Washegari ya mayar wa Lalcan rikodarsa, ya ce masa tef ya tsinke wajen gwaji. Allah ya yafe masa wannan.

A watan Afrilu wani direba ya zo da labari: Baba Idirisu ya isa gida lafiya, ya yi wata uku, ya kwanta, ya cika. Munkaila ya yi kuka irin na wanda ya san yana da laifi. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai, shi ne abin da ke ƙasan adaka.

Cikin satin nan ya ji Lalcan ma yana haɗa kaya zai koma ƙasarsu. Ya je ya roƙe shi rikodar. Ba'indiyen ya ce ya ɗauka kawai, shi ba ya ko son ganinta tun da tef ɗinsa ya lalace.

"Shekara guda na yi a kansa," in ji shi cikin gurɓatacciyar Hausarsa ta kanti. "Sarewar Japan ne ya zo tare da mashin. Ni na ɗora molon ƙasarmu a kai. Matata ya ce hauka ne. Ni na ce abinci biyu ne a kwano ɗaya."

Munkaila ya sunkuyar da kai, ya ba shi haƙuri, ya ɗauki kaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya kira Gwaggo Azaratu, ƙanwar marigayin, wadda auren Badagombe ɗan ƙasa ya sa ta tsira daga korar. Ya kira Bawah tela, da bangonsa ke haɗe da ɗakin tsohon. Matan gida suka ajiye tsintsiya suka matso. Ya ɗaura tef, ya yi bisimilla, ya danna.

Abin da ya fito ba goge ba ne. Wata busa ce mai sanyi, rabinta iska, ta ja dogo ta tsaya, ta bar shiru har mutum ya zaci na'ura ta mutu, sannan ta sake. Can sai wasu tsirkiyoyi suka shigo ƙarƙashinta suna lanƙwasa kamar mai kuka a ɓoye.

"Innalillahi!" in ji wata mata, ta ja baya. "Wannan kiɗan mutane ne kuwa?"

"Masa Munkaila, ka ɗauko tef ɗin wani," in ji Bawah. "Wannan ba Baba ba ne koraa, ko kaɗan."

Munkaila ya duƙa ya duba gefen rikodar, sai ya ga wani ɗan maɓalli da bai taɓa kulawa ba. Da shi Lalcan ke ɗora kiɗa a kan kiɗa, mai ɗauka yana jin na da a kunne yana zuba sabo a gefensa. A kunne Lalcan ya bar maɓallin. Ba abin da aka shafe. Shi Munkaila da ake kawo wa rediyo tun daga unguwar Asawase, ɗan maɓalli ya kayar da shi.

Kafin ya buɗe baki, sai ga muryar tsohon a cikin na'ura, kusa-kusa.

"A'aha. Ashe da mutane. Salamu alaikum."

Gwaggo Azaratu ta dafe ƙirji.

Gogen ya shigo a hankali. Ya lallaɓa ya nemo muryar sarewar, ya bi ta. Inda ta yi shiru shi ma ya yi shiru, abin da ba a taɓa jin mai goge ya yi ba. Molon Ba'indiye ya jefo wata tambaya mai lanƙwasa, gogen ya amsa masa da irin tata, har aka ji tsohon ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai, yaro, ka iya." Tun da aka kafa Zango ba a taɓa jin irin wannan kiɗa ba. Yana da daɗi, kuma daɗin ne ya fi ba Munkaila tsoro, don tef na ta raguwa a gabansa.

"Gwaggo, me yake yi? Taken na ce ya yi! Me ya sa yake bin su?"

Tsohuwar ta dube shi, hawaye na bin kumatunta.

"Kai da ba ka zauna an koya maka ba, ina za ka sani? Gidanmu ba a katse makaɗi. In ka iske wani cikin fage, bin shi kake har ya aje, kana ka ɗauki naka. Ko baƙo ne. Balle baƙo."

Munkaila ya kafa wa tef ido. Saura kaurin yatsa. Saura kaurin tsinke. Yana ta cewa a ransa, ku gama, don Allah ku gama. Sarewar ta ja numfashinta na ƙarshe, molon ya sauka, aka yi shiru.

Tsohon ya yi gyaran murya.

"Madalla da ku. To, Munkaila, buɗe kunnenka. Ga namu."

Gogen ya ɗauki taken, farkon nan da Munkaila ya riga ya sani. Bai kai ga sunan kaka na fari ba wutsiyar tef ta fice, ta shiga kaɗawa, fat, fat, fat.

Ba wanda ya motsa ya kashe na'urar. Munkaila ya zauna daɓas a ƙasa.

Bawah ne ya yi magana, da niyyar ya ba shi haƙuri.

"Amma ya yi shi fa. Ni ban ji waɗancan ba, gogen kaɗai na ji ta bango. Na tsai da keke na saurara. Ya yi ta yi har aka kira azahar, yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, in ya gama wani sai ya ce, Munkaila, ka riƙe wannan."