Ranar da Muka Share Kamfani

Kamfanin matsar man gyaɗa da ke bayan garinmu ya daɗe da mutuwa, amma Baba Mati bai taɓa yarda ba. Shi ne makanikensa a da, kuma in kana neman faɗa, ka kira wurin kango a gabansa. Ɗansa Uwaisu kaɗai ya rage masa a gida, shi ma ya dage sai ya tafi haƙar zinare, inda ƙasa ta rufta wa wansa. Gonarsu kuwa, rabon gado ya yanka ta har ta koma kamar tabarma. Kullum tsohon na lallashinsa ya daure, in an buɗe kamfani ga aiki a ƙofar gida.

Sai ga saƙo daga Kano, wai wata mai ɗaukar hoto, Tahira, za ta zo ran Asabar ta ɗauki kamfanin. Iyakar saƙon ke nan, sauran mu muka ƙara da bakinmu. Kafin magariba ta zama 'yar aiken wani attajiri mai son saye. To in ba haka ba, wa zai ƙona mai tun daga birni don ginin da awaki ke kwana a ciki?

Mu kuwa ba ma barin baƙo ya tarar da tsakar gida ba shara. Baba Mati ya kira gayya. Muka sare ƙayar da ta cinye ƙofa, muka kankare tsatsar injuna, muka shafe bango da farar ƙasa. Uwaisu, da ya fi kowa musu, shi ya hau can sama yana buga ƙusa a kwanon rufin da iska ta ɗaye. Na ga uban yana kallonsa, har na ji tausayi ya kama ni.

Tahira ta sauko daga mota da kyamara a wuya, ta gaishe mu da ladabi. Da ta ɗaga kai ta ga bango fari fat, sai ta tsaya cak.

Ta ce, "Baba, ina tsatsar? Ina bishiyar da aka ce ta fito ta taga?"

Baba Mati ya ce, "Ai mun gyara, 'yata. Kar mai saye ya gani ya raina."

"Wane mai saye?"

Ta sassauta murya ta ce ita kamfanonin da suka mutu take bi, daga gari zuwa gari, tana ɗaukar yadda suka lalace. Ba wanda ya aiko ta.

Don kara ta ɗauki hoto guda, mu a jere gaban bango kamar 'yan makaranta. Ko a cikin matattun kamfanoni namu bai samu shiga ba, kuma mu muka ja. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan zaga.

Motar na juyawa Uwaisu ya ajiye guduma a gaban ubansa, ya durƙusa.

"Baba, a sa mini albarka, zan tafi."

Tsohon ya buɗe baki zai ce ya daure, sai ya rasa abin da zai ce a jira. Ya ɗora masa hannu a ka.