Shef Ramalan da Darasin Kyanwa

Girman kai ciwo ne da ba a sayar da maganinsa a kanti. Ramalan tun a ƙarƙashin ƙasa ya kwaso nasa.

Mutumin Damagaram ne, ya yi sama da shekara ashirin yana kula da pampunan ramin ma'adinai na Akokan. Aikinsa guda ne: ruwa ya taru a ƙasan rami, ya tayar da pampo ya kore shi waje. Da aka rufe ramin, abokan aikinsa suka watse, wasu suka koma gida, wasu suka hau kabu-kabu. Shi ya zauna a ƙofar gida, matarsa Siddiƙa na ciyar da su da suyar fanke, amma in ka yi masa sallama ba ka ce "Shef", wato shugaba, ba, sai ya zama kurma.

Ana nan sai ƙungiyar masu garka ta samu pampo mai aiki da hasken rana, da shato, wato tankin ruwa a bisa ƙafafun ƙarfe. Pampon yana da 'yar na'ura da ake ba umarni da zane: ka jawo akwati a fuskar kwamfuta, ka jawo wani, ka haɗa su da zare. Shugaban ƙungiyar, wani dattijon Abzin mai suna Amastan, ya ce duk wanda ya sa pampo ya riƙa tashi da kansa yana tsayawa da kansa ran Alhamis, shi za a ɗauka mai kula da shi. Ramalan ya gaji da cin tuwo yana sunkuyar da kai. Ya ce aikin nasa ne, ya ari kwamfutar ƙungiya ya kai gida.

Pampo ya sani kamar yunwar cikinsa. Zanen ne bai taɓa gani ba. Rezo kuma, wato sabis ɗin waya, a unguwarsu sai ya ga dama. Don haka ya nufi kasuwar Arlit wurin Ghissa mai turi, wanda ke zuba wa mutane finafinai da wa'azi a waya.

"Shef, ina da na 'yan farawa," in ji Ghissa. "Da Faransanci mai sauƙi. Duba."

Sai ga zanen kyanwa ta fito riƙe da bokiti, muryar wata mace na cewa, "Yara, kafin ku taɓa akwati ko ɗaya, ku tambayi kanku, me muke so bokiti ya yi?"

Masu jiran cajin waya suka fashe da dariya. Ramalan ya ji kamar an tuɓe masa hula.

"Kai Ghissa, na sauka inda ko tsohonka bai taɓa leƙawa ba. Ni za ka haɗa da kyanwa? Ba ni na manya."

"Akwai na manya, Shef, sai dai nauyi gare shi."

"Nauyin nake so."

Ghissa ya tura masa darasin wani farfesa mai gemu, sannan ya ce, "Na sa maka kyanwar gyara." A kasuwa ba a mayar da gyara, sai Ramalan ya yi tsaki ya tafi da ita.

Farfesan da Turancin Ingilishi yake magana, Ramalan kuwa ko gaisuwa bai iya da shi ba. Duk da haka kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma inda masu wucewa za su gan shi, ya kunna, yana gyaɗa kai.

"Maigida, me yake cewa?" Siddiƙa ta tambaye shi.

"Magana ce mai zurfi."

"Na ga zurfin. Jiya ka nutse a ciki har da minshari."

Abu ɗaya ya tsinta, yadda ake jawo akwati a ɗaura masa zare. Ya ce ai shi ke nan ilimin.

Ran Alhamis masu garka suka taru a gindin shato, wanda aka cika tun da safe. Ramalan ya zo da hular kwanonsa ta rami. Ya jawo akwatin ma'aunin ruwa, ya jawo na pampo. Bai tsaya tunani ba, hannunsa ya yi abin da ya saba shekara ashirin: in ruwa ya cika, pampo ya tashi.

Pampo ya tashi nan take. Jama'a suka ce madalla. Ramalan ya gyara tsayuwa.

Sai shato ya fara ambaliya. Pampo bai tsaya ba, don an ce masa muddin ruwa na cike ya yi ta aiki, shi kuwa daga rijiya yake ƙaro shi. Ruwa ya zubo ya bi gangare, ya shige fangalin da Amastan ya dasa irin albasa. Da Ramalan ya ga ruwa na gudu a ƙasa, tsohon hali ya motsa. A rami in ruwa ya yi yawa, ƙara wa pampo ƙarfi ake yi. Ya ƙara masa.

Masu garka suka ruɗe. Wani ya ce tun da rana ce ke ba shi ƙarfi, a rufe masa rana. Aka yi ta jefa tabarmi da buhuna bisa faifan da ke zuƙar hasken rana, wani har da rawaninsa, kafin pampo ya yi shiru.

Amastan ya tsaya cikin taɓo har idon sawu yana duban irinsa na yawo bisa ruwa.

"Shef," ya ce a hankali, "albasata ta koyi iyo. Kai a ramin, ruwa ɓarawo ne, korarsa kake. Mu a nan baƙo ne, tarbarsa muke. Ka tambaye mu?"

Amastan ya juya ya dubi pampon.

"Pampo dai yana jin maganarka, na gani. Ka dawo Asabar. In ka sake yi mini tabki, ka koma ƙofar gidanka."

Ranar bai shimfiɗa tabarma a waje ba. Ɗaki ya shiga, ya saki labule, ya rage murya, ya kunna gyaran Ghissa. Kyanwa ta nuna masa, in bokiti ya yi ƙasa a buɗe famfo, in ya cika a rufe. Siddiƙa ta ɗaga labule da kwanon fanke, ta dubi kyanwa, ta dube shi.

"Wannan malamar ba ta sa ka barci ba."

"Ajiye ki fita."

Ran Asabar ya zo ba hular kwano. Ya zauna gaban kwamfuta, kuma da yake darasin ya shige shi, bai san lokacin da ya ce da ƙarfi ba, "Yara, me muke so bokiti ya yi?" Cikin taron akwai wanda ke rumfar Ghissa ranar nan. Ya raɗa wa na kusa da shi, dariya ta zagaya.

Ramalan ya juya zanen: in ruwa ya yi ƙasa pampo ya tashi, in ya cika ya tsaya. Aka buɗe wa garake ruwa, shato ya yi ƙasa, pampo ya tashi. Ya cika, pampo ya tsaya. Amastan ya ɗaga kai yana jiran ambaliya, ko ɗigo bai sauko ba. Ya miƙa wa Ramalan mabuɗin ɗakin pampo, ya miƙa masa da ƙwaryar irin albasa ya ce ya fara da mayar da abin da ya kora.

Ya samu aiki, ya samu da suna. Duk garakan yanzu Shef Kyanwa ake kiransa. Da fari ya yi kurumtarsa ta da, sai ya ga in bai amsa ba, ba ya sanin wace garka ke son ruwa. Yanzu yana amsawa tun kiran farko.