Wadarin Baba Mashudu

Rahimatu ta sauko daga motar Kumasi da fushinta, ta shiga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da shi, ba ta yarda ta ajiye shi a ko'ina ba. Tun a hanya, a Kintampo, wayar Adiza maƙwabciyarsu ta same ta, wai 'yan ƙungiyar masaƙa sun hau masaƙar mahaifinta tun da sassafe, wannan ya tashi wancan ya zauna, kamar benci a tasha.

Masaƙar Baba Mashudu fa! Mutumin da a duk unguwar Tishigu in za a ɗinka fugu, rigar saƙi ta fita kunya, ƙyallensa ake nema. Ya rasu ya bar aiki a kan masaƙa bai gama ba. Ranar jana'iza Rahimatu ta ga aikin an lulluɓe shi da tabarma, ta ƙudurta a ranta cewa in ta dawo sadakar arba'in za ta yanke abin da ya saƙa ta tafi da shi. Ɗaki da babur 'yan'uwanta maza su raba, ba ta kula ba. Ita dai wannan ƙyallen take so, abu na ƙarshe da hannun ubanta ya taɓa, ba tare da hannun kowa a ciki ba.

Wanda ya san Rahimatu ya san ba ta tauna magana kafin ta fitar. A kasuwar Kumasi ma inda take sayar da man kaɗe, masu dako sun san muryarta tun kafin su san fuskarta. To yau ga ta ta nufi rumfar ƙungiya, mayafi a kafaɗa, ta shirya wa kowa nasa.

Sai dai tana shiga farfajiyar ta ɗan ja birki. Ta san a nan ake koyar da saƙa duk Asabar, ta san ƙarshen wata akan taru a ci a sha. Amma ba ta taɓa ganin wurin ya cika haka ba. Babura sun yi layi har bakin titi. Ƙarƙashin darbejiya mata na zuba tuwon zafi, ana miƙa sobolo, wato zoɓo, hannu zuwa hannu. Sauran masaƙu duk an rufe su, guda ɗaya ce tak ke aiki. Wadarinta, wato dogon zaren da aka shimfiɗa, ya ratsa farfajiyar tun daga rumfa har gindin katanga, baƙi da fari da shuɗi, a miƙe sak, rana na wasa a kansa. Mutane na zagaye shi a hankali, ba mai tsallakawa.

A mazaunin mahaifinta kuwa wata mace ce zaune, da gajeren gashi da sarƙar giciye a wuya. Nan fushin da ya fara lafawa ya dawo sabo.

Alhaji Saani, shugaban ƙungiyar kuma abokin marigayin tun suna samari, ya taso da sandarsa ya tare ta.

"Ɗiyata, sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Baba Alhaji. Wa ya ba da izinin wannan?"

"Ba mai ba da izini, al'adarmu ce. Masaƙi in ya tafi ya bar zare, ba mu yankewa. Duk wanda ya koya a hannunsa sai ya zo ya sa nasa hannun, har zaren ya ƙare, sannan mu kai wa iyali. Wannan Madam Dzifa ce, tica a Sagnarigu. Babanki ya koya mata."

Matar ta tsayar da ƙoshiya, ta ɗan rusuna daga zaune. "Sista, gafara. Baba ya yi mini kirki paa."

Rahimatu ta juya ga Alhaji Saani. Ta ce a warware mata naɗin, ta ga inda hannun ubanta ya tsaya, a nan za a yanka. Sauran su riƙe abinsu.

Alhaji Saani ya dube ta jim, sannan ya yi wa Dzifa alama. Aka saki sandar da ake naɗe ƙyalle a jikinta, Rahimatu ta durƙusa ta fara ja. Siririn ƙyallen, faɗin tafin hannu, ya riƙa zubowa a cinyarta. Ta sa ido ta ga ɓarna, ba ta gani ba. Saƙa ce a matse, baki a miƙe, ratsin shuɗi na tafiya abinsa. Ta ci gaba da ja, tana cewa a ranta ai ƙwararru aka sa daga baya don a rufe abin kunya.

Can kuwa ta samu abin da take nema. Wani tsawo kamar kamu biyu, saƙar ta yi sako-sako, baki ya shiga ya fita, wani wurin har kana hango yatsanka ta ciki. Ta ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Kun gani ko? Wane ɗan koyo ne aka fara ɗorawa ya lalata masa aiki? Ko tsumman goge tukunya ya fi wannan!"

Magana zarar bunu. Har mai zuba miya ta tsaya da ludayi a sama. Dzifa ta sunkuyar da kai.

Alhaji Saani ya durƙusa da ƙyar kusa da ita, ya yi ƙasa da murya. "Ɗiyata, wannan babanki ne."

Ta dube shi, ba ta gane ba.

"Watanninsa na ƙarshe hannun na rawa. Duk Asabar sai ya sa an kawo shi. Ya koyar da yara, sannan ya zauna a nan. Abin da da yake yi kafin shayi ya huce, sai ya kai azahar a kansa. Mun ce ya huta, ya ce wadari ba ya jiran mai lafiya. Ya kuma hana a gaya miki."

Rahimatu ta sauke ƙyallen. Duk wayar da ta buga, amsa ɗaya ce, lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Ita kuma ta yarda, don yarda ta fi sauƙi daga Kumasi. Kunya ta kama ta, tausayi ya biyo baya, ta rasa wanda ya fi wani ciwo.

Ta ƙara jan naɗin. Bayan sako-sakon, saƙar ta koma a matse, irin wadda ta sani tun tana yarinya, aikinsa kafin ciwo ya ci ƙarfinsa. Sai ta ɗauko wannan ɓangaren, ta ɗauko na yau da safe, ta haɗa su gefe da gefe a gwiwarta. Ta duba baki, ta duba matsi, ta shafa da babban yatsa, ta juya bayansu. Ita 'yar masaƙi ce, a kan tarin ƙyalle ta yi rarrafe, amma wallahi ta kasa cewa ga nasa ga nasu.

"Mutum nawa suka taɓa wannan?" ta tambaya.

"Ban ƙirga ba. Ga dai waɗanda suka rage."

Ta ɗaga kai ta bi sandarsa da ido. Benci bayan benci, mutane zaune suna jiran layi, kowa ya wanke hannu ya ɗora a gwiwa. Ga mahaucin da take sayen nama a wurinsa tun tana makaranta. Ga Azeta mai tallar nono daga bayan Kukuo, ta ajiye ƙwaryarta a inuwa. Ga wani tsohon ɗan sanda, ga 'yan mata cikin rigar makaranta, ga wani dattijo da aka ce tun asuba ya taso daga Yendi a bayan babur. Musulmi da Kirista, mai Dagbanci da mai Turanci da mai Fillanci. Ita da take zaton ta san ubanta, mai shiru-shiru, mai rowar yabo, ashe ya bi garin nan yana rarraba hannunsa, kowa ya samu, kuma bai ragu ba. Ba ta san lokacin da ta ce, "Allahu Akbar," ba.

"To, ɗiyata," in ji Alhaji Saani, "haƙƙinki ne. Nuna inda za a yanka."

Rahimatu ta daɗe tana kallon sako-sakon nan a tafin hannunta. In ta yanka a nan, za ta tafi da ubanta kamar yadda ciwo ya bar shi, a ƙarshen ƙyalle, zare na reto.

"Madam," ta ce da Dzifa, "ki yafe mini. Riƙe mini sandar."

"Yoo, sista. Ba komai kuraa."

Da kanta ta naɗe. Saƙarsa ta ƙarfi ta shiga, ta rawar hannu ta bi, sannan ta ɗalibai ta riƙa hawa a kai, zagaye bayan zagaye, har ta rufe ta ruf. Kukan da bai zo mata ranar jana'iza ba ya zo yanzu, ba ta kuma ɓoye shi ba. Dzifa ta ɗaure sandar, ta taka, ta jefa ƙoshiya. Rahimatu ta matsa gefe ta zauna a ƙasa, don mahauci ya riga ya miƙe, layinsa ya zo.