Ruwan Ranar Talata

Tun da aka ce kaset ɗin fim ya iso daga Kano, Uba bai sake cin tuwo ya ji daɗinsa ba. A gari kowa murna yake, ban da shi.

Wata takwas ke nan da 'yan fim suka sauka a ƙauyen, nan tsakanin Kura da Bunkure, suka yini guda suna ɗaukar labarin wani tsohon littafi da rabin garin suka karanta a firamare, na fatake, zamanin da babu mota babu Bature. Suka lulluɓe simintin magudanar ruwa da zana, suka sa kowa ya tuɓe agogo da silifas. Duk mai jaki ranar ya zama ɗan gata.

To, ranar da suka zo ɗin Talata ce, Talata kuwa ranar ruwan Datti ce. A noman rani kowa da ranarsa, wanda ya taɓa ruwan wani ya taɓa tukunyar gidansa. Gonar Uba ce a sama, ta Datti a ƙasa, magudana ɗaya ke shayar da su. Shekara talatin suna aminci, tabarma ɗaya suke zama a ƙofar masallaci. Da safen nan Datti ya buɗe wa sabon dashen tumatirinsa hanya, ya ja jakinsa ya tafi shiga ayarin fatake, har da rawanin aro.

Albasar Uba kuwa ta yi laushi, ranarsa sai Juma'a. Shaiɗan ya ce masa awa ɗaya kawai, wa zai sani? Ya ɗauko wani shuɗin tiyo mai jan ƙyalle ɗaure a baki, wanda ya daɗe rataye a zaurensa har ya manta asalinsa. Ya jefa buhun yashi ya tare magudana, ya zuƙo ruwa ya juya gonarsa. Awa ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama yini. Yana sunkuye yana gyara kunyar albasa sai ya ji ƙararrawar jakai. Ya ɗaga kai, ga ayari yana wucewa ta gefen gonarsa, ga kuma na'urar ɗaukar hoto ta juyo masa baki sak. Ya faɗa bayan tudun magudana ya kwanta rub da ciki, babban mutum da jikoki.

Dashen Datti ya ƙone ƙurmus. Da aka je dubawa an tarar da sawun shanu a bakin ruwa, gefen magudana ya ɗan zaftare. Shi ke nan, aka ce shanun Sada ne, makiyayin da ke zaune a bayan gari tun zamanin kakansa. Sada ya rantse har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurare shi. Mai unguwa ya hana shi kawo dabbobi ko kusa da gonaki, ko bayan girbi. Uba yana wurin aka yanke hukuncin, abin da ya ce kawai shi ne, “Allah ya kyauta.”

Yau ga shi za a nuna fim ɗin bayan la'asar a rumfar Mudassiru mai janareto. Uba ya so ya ce zazzaɓi yake, amma Datti ya biyo masa har gida.

“Taso, mutumina! Yau za ka ga amininka da rawani. Idan ka yi mini dariya kuwa, ni da kai ne.”

Rumfa ta cika maƙil, tsofaffin mata a gefe guda, yara sun ɗare kan katanga. Can baya Uba ya hango Sada a tsaye, ya jingina da sandarsa, shi kaɗai. Ya yi sauri ya kau da kai.

Ana farawa surutu ya tashi. Iya Kulu, wadda ta ce ta ga kakarta ta zamanin fatake da ido, ta tafa hannu.

“Kai, ƙarya ce! Wa ya gaya musu haka ake ɗaura zane a da? Wannan ai ɗaurin 'yan birni ne.”

Malam Nasiru na firamare ya zo da littafin a aljihu, ganyensa duk sun yi ja. Kowane minti sai ya buɗe ya girgiza kai.

“Ba haka marubucin ya ce ba. Madugun nan tsoho ne a littafi, sun kawo mana yaro mai gyaran fuska.”

“Malam, ka bar mu mu ji mana!” in ji samari, waɗanda su waƙa kawai suke jira.

Uba bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan gefen allon, inda gonaki ke wucewa. Duk sanda aka nuno koren shuka sai ya miƙa wuya. Gumi ya jiƙa masa hula. Yana ta lissafi a zuci: kansa ya riga ya ɓuya, ko kuwa an kama ƙeyarsa? Rigar da ya sa ranar ma ya daɗe da bayar da ita sadaka.

Aka zo inda ake tuhumar wani bafatake da satar da bai yi ba, aka kore shi daga ayari yana rantsuwa. Rumfa ta yi tsit. Iya Kulu ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Allah ya isar maka, ɗan nan. Mai gaskiya ba ya da murya.” Wani ya la'anci shaidun zur. Uba ya ji kamar da shi ake. Bai waiwaya baya ba, amma yana jin idon Sada a ƙeyarsa.

Sai ga ƙararrawar jakai. Ayari ya fito ta bayan giginya, ga Datti na uku, rawani ya karkace. Rumfa ta ɗauki shewa, Datti ya daki cinyar Uba yana dariya har da tari. Uba ya ƙura ido. Ga tudun magudana, ga gonarsa, babu kai, babu ƙeya, babu kowa. Ayari ya wuce. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga wuya har ƙafa, ya ce alhamdu lillahi a fili.

“Tsaya!” Malam Nasiru ne ya miƙe. “Mudassiru, mayar da shi baya. Wallahi na kama su!”

Aka mayar, aka tsayar da hoton. Malam ya je har gaban allo ya ɗora yatsa.

“Jama'a, ku duba mini. Zamanin fatake, ga tiyon roba!”

Me rumfa za ta yi in ba dariya ba. Wani ya ce ashe kakanninmu sun waye, wani ya ce saura a nuno madugu da rediyo. Ga shi nan kuwa ɓaro-ɓaro, shuɗi, ya haye tudun magudana, jan ƙyallensa a baki, ruwa na sheƙi yana kwarara cikin albasa. Ƙasa da shi magudana a bushe take.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Hannun Datti da ke kan cinyar Uba ya janye a hankali. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba tare da ya juyo ba.

“Daga ɗankwalin matata marigayiya Mairama na yagi ƙyallen can. Shekarar da ta rasu na ara maka tiyon.”

Uba ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke roƙon ƙasa ta tsage.

Datti ya tashi, ya ratsa mutane suna ta ƙyaƙyata, ya fita bayan rumfa. Uba na gani Datti ya tsaya gaban Sada, ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa, dattijo da furfurarsa. Sada ya saki sanda yana ƙoƙarin ɗaga shi. Ɗaya bayan ɗaya masu dariya suka yi shiru, suka dubi Datti, suka dubi allon, sannan idanu suka fara dawowa kan Uba. Manoma ne, ba sai an yi musu fassara ba.

Washegari da safe Uba ya naɗe tiyon ya rungumo shi har ƙofar gidan Datti. Ya yi sallama sau uku kafin a fito. Datti ya dubi tiyon, ya dubi wanda shekara talatin bai taɓa kira da komai ba sai mutumina.

“Riƙe shi, Malam Uba,” in ji shi. “Ka fi ni sanin amfaninsa.”