Fasto Ya Zauna

Loveday tana kan tsani tana shafa wa kicin ɗin gidan fasto fenti, aka leƙo aka ce mata Denzil ya ƙi cin abinci, yana kiranta. Sauran matan ko ɗaga kai ba su yi ba. Ranar Lahadi za a karɓi sabon fasto, kuma mu 'yan cocin Methodist ba ma barin baƙo ya tarar da gida wayam. Sai an wanke, an yi fenti, an cika masa kabad da ganyen shayi da sukari da kwalaben zuma. Ta sauko ta goge hannu a siket, ta tsallaka titi.

Denzil Tregear maƙwabcinta ne, bango ɗaya ya raba su. Tsohon masunci ne, bai taɓa aure ba. Tun da likita ta ce huhunsa ya gama aiki aka sauko masa da gado falo, kusa da tagar da ke kallon teku.

"Yarinya," haka yake ce mata duk da ta haura saba'in, "kin shigo mini da warin fenti. Ana yi wa baƙo kwalliya, mu 'yan gida an manta da mu."

"Sha miyarka, tsoho mai taurin kai."

Ya ce ba zai sha ba sai ta je ta zo masa da Arthur.

Arthur Hosking shi ne fastonmu da ya tafi. A ƙa'ida shekara biyar fasto yake yi a ɗauke shi, amma shi mun yi ta roƙo ana ƙara masa har kansa ya yi fari a cikinmu. Shekarar da teku ya cinye ƙanin Denzil, Denzil ya daina zuwa majami'a. Arthur bai yi masa wa'azi ba. Kwale-kwalensa ya riƙa shiga suna fita kamun kifi, yana amai yana jan igiya, har wata Lahadi aka ga Denzil a bencin baya. A gaban Loveday Arthur ya taɓa ce masa, ranar da tafiyar ƙarshe ta zo, hannunsa ne zai kasance a cikin nasa.

A watan Agusta Arthur ya ajiye aiki. Mu ba ma cewa fasto ya yi ritaya, cewa muke ya zauna. Izini yake nema a babban taron coci, a ce masa to, zauna.

Washegari Loveday ta hau bas zuwa ƙauyen da ya koma. Ba nisa, daga tudunsu ana hango rufin majami'armu. Ta same shi a lambu yana ɗaure wake a jikin sanduna. Ya yi murnar ganinta, ya haɗa shayi, ya yanka kek. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya tsura wa kofinsa ido. Ya ce ta san al'ada: wanda ya zauna ba ya komawa wurin tsofaffin mutanensa sai shekara ta zagayo, don a bar sabo ya kafu. In ya je wa Denzil yau, gobe wata za ta kira shi baftisma, jibi ɗaurin aure, yaron nan ya zama hoto a gidansa. Ya ce shi ma haka faston da ya gada ya yi masa da ya zo, bai manta ciwon ba.

"Ba wa'azi zan kai ka ba, Fasto. Hannu za ka riƙe."

"Na zauna, Loveday."

"A gadon ma kujera ce a gefe."

Ya naɗe mata sauran kek ɗin ya ce ta kai wa Denzil. Ta bar kek ɗin a kan bencin tashar bas.

A gida ta ce wa Denzil mura ce ta kama Arthur, amma yana nan tafe ranar Lahadi. Ba ta san daga ina maganar ta fito ba. Denzil ya sha miya cokali kaɗan. Ya sa ta aske masa gemu, ya ce kada ta sa wa ƙofa sakata.

Lahadi da yamma majami'a ta cika, har daga sauran cocin gunduma an zo. Loveday ba ta je ba, karo na farko tun rasuwar mijinta. Daga falon Denzil tana jin waƙa, tana jin inda jama'a suka amsa da murya ɗaya cewa sun karɓi sabon bawan Allah. Denzil ya daina gani sosai. Duk motar da ta wuce sai ya juya kai wajen ƙofa.

Ana cikin shan shayin maraba a majami'a aka ƙwanƙwasa ƙofar Denzil. Wani matashi ne dogo, ɓurɓushin kek a rigarsa. Ya ce sunansa Ormerod, shi ne sabon fasto, Fasto Hosking ne ya buga masa waya ya ce akwai mara lafiya a gida mai lamba tara. Loveday ta maimaita maganar a ranta. Lamba tara. An miƙa Denzil kamar yadda ake miƙa makullin gida.

Ta ba shi hanya. Ya ja kujera ya matsa bakin gado. Denzil ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Arthur, ɗan banza, sai yanzu?"

Matashin ya ɗago ya dubi Loveday. Ta kawar da kai wajen taga, ba ta taimake shi ba.

"Ga ni, na zo," ya ce.

Denzil ya tambaye shi ko har yanzu teku yana sa shi amai. Ya ce har yanzu. Tsohon ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya lafa. Bai ƙara magana ba. Kafin rana ta faɗi numfashin ya tsaya.

Loveday ta rufe masa ido, ta gyara bargo. Yaron bai zare hannunsa ba, bai san ko ya kamata ba. A tsallaken titi matan suna wanke kofuna, wani yana jan kujeru yana jera su a jikin bango.