Ƙasar da Ba Ta Son Wuta

A watan Maris na 1995, shekarar da sanƙarau ya ratsa Nijar, Muhammadu ɗan Fatsima maginiyar tukwane ya zo gida Tama hutu daga Faransa, inda yake karatun kimiyyar sinadarai. Tsarabar da ya kawo wa uwarsa 'yar kwalba ce mai farin gari a ciki.

"Mi ne na wanga? Kanwa ta?" in ji Fatsima.

"Ƙasa ce, Inna, 'yar'uwar taki, sai dai ni na gina ta."

Ya bayyana mata yadda ya iya. Garin falle-falle ne masu sirantar da ido ba ya gani, na maganiziyum da alminiyum, jere bisa juna, da ruwa kwance a tsakaninsu. Cikin fallayen ya dasa ƙwayoyin wani ƙarfe mai wuyar samu, yuropiyum. In aka haska garin da wata irin fitila ta musamman, sai ya yi ja kamar garwashi, alhali ba wuta ba zafi.

Fatsima ta yi dariya. "Kai da bokon lakwal ɗinka! Ni da ƙasa muka tsuhwa tare. Ƙasa ba ta nuna halinta sai ta sha wuta."

"Wannan ba ta son wuta, Inna. Baɗi zan zo da fitilar ki gani."

Kafin hutun ya ƙare wuyansa ya sanƙare. A Tama aka binne shi.

Shekara biyu kwalbar tana cikin kwallar Fatsima. A wannan tsakanin ganinta ya soma ragewa, likitan ido kuma ya ce jijiyar ce take mutuwa, aikin tiyata ba zai komo da ita ba. Fatsima ta ƙudura sai ta ga hasken ɗanta kafin duhu ya rufe ta. Fitilar ba ta zo ba, don haka ta koma ga abin da ta sani. Ta dama garin da jar ƙasar da take shafe tukwane da ita, ta zana wa wani sabon tulu zobba uku a wuya, ta gasa shi da karan gero da kashin shanu. Tulun ya fito lafiya, yana ƙara kamar ƙarfe, amma bai yi haske ba.

Labarin ya kai ga Yosefu, ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a asibitin mishan, wanda suka zauna benci ɗaya da Muhammadu a kwalejin Madawa. Ya aika mata cewa asibitin yana da irin fitilar, da ita ake duba makero a kawunan yara. Ranar kasuwa Fatsima ta shiga mota, tulun naɗe cikin zane bisa cinyarta.

Da hantsi Yosefu ya kai ta wani ɗaki, ya rufe taga da bargo, ya kunna fitilar, ya bi zobban uku a hankali. Ba kome. Wuta ta kori ruwan, ta rushe fallayen, ƙarfen da ke cikin jar ƙasa kuma ya shanye ɗan hasken da ya saura.

"Yosefu, mi kaka gani?"

"Tulu ne mai kyau, Inna."

"Ban tambaye ka kyan tuluna ba, ɗan nema. Na san hannuna."

"Babu haske, Inna. Kin zuba duka?"

"Duka. Har kwalbar na ɗauraye na zuba, don kar in bar mishi kome a baya."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa kwalbar. Cikinta tas. Yosefu ya juya murfin ƙarƙashin fitilar, sai ya tsaya. A cikin 'yar tsagar murfin, inda ruwa bai kai ba, wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba yana ja.

"Inna! Ga shi nan, a murfi!"

Ta kawo fuskarta har hancinta ya kusa taɓa fitilar. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta buɗe fatar idon da yatsa. Ta daɗe a haka.

"Ban gani ba," ta ce. "Hwaɗa min."

"Kin san in kika tone tokar gashi da safe, kika tarar da garwashi guda bai mutu ba? Haka yake. Ya ma fi shi ja."

Fatsima ta ɗora ɗan yatsanta bisa wurin, tana jira.

"Ba zahi."

"Babu, Inna."

"Haka ya ce. Ni kuwa na yi mishi dariya."

A waje wata ma'aikaciya ta ƙwanƙwasa ƙofa, ana neman fitilar a ɗakin yara. Yosefu ya ce su ɗan jira. Fatsima ta ɗauke yatsanta ta ce ya kashe, kada a tsai da masu ciwo dominta. Ta ɗaure murfin a bakin zane, ta bar masa tulun ya riƙa shan ruwa.