Ciwon da Lusungu Ta Zaɓa

Ni dai tun ranar da Lusungu ta sake kwanciya a kan bencin nan da ciwon jiya na ce akwai wata a ƙasa.

Mu uku muke bitar jarrabawar lasisin mataimakan likita: ni Temwa, da ita, da Suzgo, wanda yayarsa ta ba mu aron shagonta na ɗinki a Mzuzu, muna shiga da la'asar in ta tashi. Su karonsu na farko ne, ni kuwa na biyu. Asibitin mishan na garinmu sun faɗa min ba ɓoye-ɓoye: in na sake faɗuwa, gurbin aikin da suka ajiye min wani za su ba. Shi ya sa ba na ɗaukar wasa, kowa kuma ya san halina.

Yadda muke yi, ɗaya zai zaɓi ciwo a ransa ya kwanta, ɗaya ya zama likita ya yi ta tambaya har ya gano. In an zo duba jiki, tunda mai lafiya ne a kwance, sai ka ɗora hannu sama-sama, shi kuma ya ce maka, “A ce ka ji saifa ta kumbura.” Haka kowa yake yi tun muna makaranta. Wa zai tsaya lallube cikin da ya ƙoshi da tuwon nsima?

To Lusungu sai ta kafe a kan ciwo ɗaya. Zufa cikin barci, rama, kasala, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Yau shi, gobe shi.

“Haba baiwar Allah,” in ji Suzgo, “cututtuka sun ƙare a duniya ne? Ki yi mana farfaɗiya mana, ko ma yi dariya.”

“Wannan nake so,” ta ce. “Temwa, zo ki duba ni.”

Na ce tarin fuka. Ta ce babu tari. Na ce ƙanjamau. Ta ce a ce an gwada, babu. In na kai hannu wuyanta, ta saman gyale, sai ta ce, “A ce kin ji kaluluwa.” In ce to, a ce na ji, mu wuce.

Suzgo ne ya ƙarasa hura min wutar. Muna cin soyayyen dankali a bakin hanya ya rage murya ya ce ya ga Lusungu a babban asibiti, tana kai da kawo a ƙofar ofishin kawunta. Kawun nan kuwa yana cikin masu zaɓo majinyatan da za a ajiye mana ranar jarrabawa.

Dankalin nan ya fita raina. Au, ashe haka ne! An tsegunta mata majinyacin da za a kawo, shi ne take kwanciya tana tatsar amsa daga bakina, ba za ta ce Temwa ga abin da ake ciki ba. Can kuma wata zuciyar ta ce a'a, ɗauke mana hankali take yi, mu ƙare a ciwo ɗaya ita tana can tana haddace sauran. Ba ga shi har ta rame ba? Karatun ɓoye ne yake cin ta. Ko ta ina na juya maganar, ni ake cuta. Yarinyar da muka raba bargo ɗaya a ɗakin kwanan makaranta! Wallahi abin ya yi min ciwo.

Na fara sa mata ido. In ta buɗe littafi sai na leƙa shafin. In wayarta ta yi ƙara sai na kasa kunne. Rannan ta kawo min thobwa a gora, kunun da ta san ina so, na ce na ƙoshi.

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa, ana ruwan nan na Mzuzu mai shiga ƙashi, ta sake miƙewa a kan benci. Na ce a raina yau sai na kama ta. Wanda aka ba labari ya haddace, in ka fita daga littafi sai ya ruɗe.

“Malama, zufar nan, ya take?”

“Sai na tashi na juya katifa.”

“Me kika daina ci?”

“Usipa. Ko warin kifin ba na so.”

“Siket ɗinki fa?”

“Na sa yayar Suzgo ta rage min.”

Suzgo ya tafa. “Kai! Wannan ai fim ya kamace ki, ba asibiti ba.”

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. “Wa ya tsara miki wannan? Kawunki?”

Ta ɗago kai. “Kawuna?”

“An gan ki a ƙofarsa, kada ki raina min hankali. Kin san majinyacin da za a ba mu, kin yi shiru, kina kallo zan sake faɗuwa.”

“Ban shiga ba,” ta ce. “Na je, na kasa shiga.”

“Ƙarya kike! Cire gyalen nan. Tunda duba ki kike so, yau za ki ga dubawa.”

Na fizge gyalen, na tsaya ta bayanta yadda ake koyarwa, na danna yatsuna a wuyanta da mugunta, don ta ji zafi. Na gangaro zuwa ramin ƙashin wuya.

Ga kaluluwa, suna nan. Ba guda ba. Masu tauri kamar roba, manne da juna, ko motsi ba sa yi. Na danna, ba ta ce wash ba. Na zagayo na ɗaga rigarta, na ce ta ja numfashi, gefen saifa ya zo ya bugi yatsuna. Ban taɓa jin sa haka ƙarara ba, ko a ɗakin majinyata.

Tsoro ya kama ni, na zauna a kan kujerar keken ɗinki.

“Me kika ji?” in ji Suzgo, yana dariya har yanzu. “A ce me?”

“Ba a ce ba,” na ce. “Zo ka taɓa.”

Ya taɓa. Dariyar ta tsaya.

“Tun yaushe, Lusungu?”

“Tun kafin damina.” Hawaye na gangarowa cikin kunnenta, ba ta share ba. “Na ji su da hannuna, sai na ce ƙila karatu ne ya yi min yawa, duk ciwon da na karanta ina jin sa a jikina. Na ce bari wani ya taɓa. In ke ba ki ji komai ba, to babu komai.”

“Shi ne ba za ki buɗe baki ki faɗa ba?”

“Kullum ina faɗa miki, Temwa.”

Na ɗauki gyalen daga ƙasa na kaɗe, na naɗa mata da kaina. Ta riƙe min hannu ta ce mu bari sai bayan jarrabawa, in aka kwantar da ita yanzu za a yi ba ita, ni ma kuma bitar ta lalace min.

“Rufe min baki,” na ce. “Suzgo, fita ka tsayar mana da mota, asibiti za mu.”

“Saura tambayoyin haihuwa fa, ke kika ce nan ne rauninki.”

“Na ce ka fita!”

Ya fita cikin ruwan ba ko lema. Na durƙusa ina sa mata takalmi, don sauri na kasa ɗaure igiyar.